Huda Arba'in da Tara a Jirgin Uwani

Tun da na dawo daga Jidda ban huta ba. In na zauna a rumfata ta bakin kogi, kafin in ɗaga gizago sau uku wani ya tsaya a kaina: "Malam Iro, wai da gaske ne Larabawa sun kore ka?" A masallaci haka, a wurin ɗaurin aure haka. Kowa ya ji sai ya ƙara nasa gishirin, har labari ya zagayo ya same ni cewa wai na nutsar da jirgin sarki da mutum ɗari a ciki. To, na gaji. Ga yadda aka yi daga bakin mai ita, wanda ya sake tambayata bayan wannan sai dai ya je ya tambayi kogi.

Ga wanda bai san ni ba, ni masassaƙin jirgin ruwa ne a Yawuri, gado na yi, shekara arba'in da wani abu ina wannan sana'a. Ina da 'ya, Asma'u, sunan mahaifiyata ta ci, saboda haka Uwani nake kiranta. A cikin ɓawon katako ta yi rarrafe. Boko ya ja ta Zariya, daga nan ya tsallaka da ita ƙasar waje, ta dawo da takardar injiniyar jiragen ruwa. Wani kamfani a Jidda mai ƙera jiragen tsere ya ɗauke ta aikin gwaji na wata shida. Ta zana musu sabon fasalin ƙasan jirgi, aka sa ranar da za a gwada shi a gaban mai kamfanin. In ya yi, a sabunta mata iƙama, wato takardar zama, ta ci gaba da aiki. In bai yi ba, ta tattara komatsanta ta dawo gida ta jira abin da Allah zai yi. Shi ne ta aiko mini da tikiti, ta ce in zo in yi umra, in kuma tsaya mata ranar.

Akwai abu ɗaya da sai kun sani kafin ku yi mini dariya. Ina saurayi muka rasa ƙanena Sale a kogi. Jirgin da ya shiga yana da 'yar huda wadda ba ta kai ƙwayar dawa ba, mutum uku suka gan ta, kowa ya ce ba jirginsa ba ne. Ranar da muka binne shi ubanmu ya kama kunnena ya ce, "Masassaƙi ba ya wuce huda, ko a jirgin maƙiyinsa ne." Tun daga ranar ban taɓa fita ba tare da dunƙulen kakin zuma a aljihu ba.

Daga Yawuri mota na shiga, muka bi ta Sakkwato da Gusau zuwa Kano. Na ɗauko wa Uwani kwalin bandar kifi, tun kafin mu kai Jega wata hajiya a kujerar gaba ta fara toshe hanci da mayafi tana cewa wasu ba su da tausayi. Da muka tsaya cin abinci ita ce ta fara tambayata ko na sayarwa ne. Na ce mata a'a, na marasa tausayi ne.

A filin jirgin Kano aka fara raba ni da kayana. Na sa ƙaramin gizagona a jakar hannu, wani mai kaki ya zaro shi ya ɗaga sama kamar ya kama ɗan fashi.

"Baba, me za ka yi da wannan a jirgin sama?"

"In ya ɓule fa? Kai za ka gyara?"

Bai yi dariya ba, gizagon kuma yana can wurinsu, Allah ya sa suna wasa shi. Kakin zuma ne ya tsira, don da ya sansana ya ɗauka maganin basir ne, ni kuma ban ƙaryata shi ba.

Wani mai kaifin baki ya ce mini in ɗaura harami tun daga Kano don kada a wuce miƙati ina barci. Bai gaya mini cikin jirgin ya fi randa sanyi ba. Awa huɗu da wani abu ina ƙudundune cikin ƙyalle biyu, haƙorana na kaɗawa, ina talbiyya ana jin ta guntu-guntu. Na ƙwanƙwasa bangon jirgin da ɗan yatsa don in ji lafiyarsa, ya yi mini ƙarar kwano. Daga nan ban sake taɓa shi ba, na koma ga Ubangijina.

Da muka sauka, a wurin duba fasfo aka ce in ɗora yatsu a kan wani gilashi. Na ɗora, na'ura ta ce ba kowa. Na sake, ta ce ba kowa. Shekara arba'in na katako da yashi sun cinye zanen yatsuna tas. Jami'in, wani saurayi mai gyararren gemu, ya shafa mini wani mai, ya danna hannuna da ƙarfinsa, ya kira na kusa da shi, suka taru suna kallon tafina kamar masu duba. A ƙarshe ɗan ƙaramin yatsan hagu ne ya cece ni, shi da bai taɓa tsinana komai a sana'a ba. Haka duniya take, malalaci ne ke da shaida.

Umrata na yi ta a ranar, Allah ya karɓa. Wannan tsakanina da Mahaliccina ne, na kuma san ba shi kuka zo ji ba.

Uwani a gidan ma'aikata mata take zaune, saboda haka ta sauke ni wurin direban kamfaninsu a unguwar Sa'alaba. Sunansa Haruna, amma in ka kira shi haka ba zai waiwayo ba, sai ka ce Abu Faisal. Kakansa ne ya taka da ƙafa daga Haɗeja zuwa hajji bai koma ba, shi kuwa ko a mafarki bai taɓa ganin Haɗeja ba. Hausarsa ta tsofaffi ce, an yi mata faci da Larabci. "Yalla ya Ammi, ka yi tahara mu ci kalaci, halas." 'Ya'yansa suna jin duk abin da na faɗa, amma da Larabci suke mayar mini, sai ka ce ina magana da rediyo.

Abinci kam akwai shi, sai dai ba su san miya ba. Da safe wake ne aka dama ya yi laushi, a zuba mai, a ci da gurasa mai faɗin faifai. Da rana shinkafa a tire da rabin rago a kwance a kai, a bushe, ba abin da zai raka ta maƙogwaro. Gahawa kuwa a wani ɗan kofi ake ba ka wanda bai fi murfin kwalba ba. Ban san sai ka girgiza kofin ake daina zubawa ba. Ina miƙawa ana ƙarawa, ni kuma ina jin kunyar in ƙi, sai da na sha goma sha ɗaya zuciyata na bugawa kamar injin Yamaha... astagfirullah, kamar injin jirgi dai. Ranar da matar Abu Faisal ta yi mana miyar kuka da bandar Yawuri, maƙwabta har uku suka shigo gaisuwar da ba su taɓa yi ba. Wata tsohuwa ta ci tana hawaye, ta ce ƙamshin ɗakin uwarta ne.

Ranar Alhamis Abu Faisal ya kai ni wurin aikin, can Abhur a bakin teku. A ƙofa aka rataya mini kati a wuya, aka kifa mini hular kwano a kan hulata. Sai ga Uwani ta fito da tata hular a kan hijabi, ƙarti na binta da takardu suna "Muhandisa, Muhandisa," wato injiniya. Ba zan ɓoye muku ba, ƙirjina ya cika har na rasa abin faɗa, sai na ce mata ta rame.

Ta fara nuna mini babban jirgin da suka ƙera bara. Jama'a, gani ya kori ji. Ba katako ko tsinke a jikinsa. Wani baƙin zare suke saƙawa kamar tabarma, su shafe shi da gam, su gasa a tanda. Na ɗaga wani falle mai tsawon ƙofa da hannu ɗaya. Ba inji, iska ce ke tura shi da wani ƙyalle mai tsayin hasumiya. A ƙarƙashinsa akwai fukafukai, in ya ɗauki gudu sai ya tashi daga ruwa ya tsaya a kansu. Na ce, to, in ba ya son ruwa me ya kawo shi kogi?

"Buhun albasa nawa yake ɗauka?" na tambaye ta.

"Ba ya ɗaukar kaya, Baba."

"Mutum nawa?"

"Shida. Su ma sai an auna su."

"Ina yake kai su?"

"Suna zagaya wata alama a teku su dawo."

"Su dawo inda suka tashi?"

"E, Baba."

Uba dai ba ya zagin abincin 'yarsa. Amma wallahi da idona na ga ƙato da digiri yana ɗora igiya a sikeli, yana yanke ɗan tsawon yatsa, yana sake aunawa, fuskarsa kamar mai rabon gado. Mu da muke loda shanu takwas da babur da amarya da kayan ɗakinta a jirgi ɗaya, ashe ba mu san komai ba.

A nan na haɗu da shugabansu, wani Bature mai tsawo wanda sunansa ya ƙi zama a bakina, na sa masa Dogo. Ya miƙo mini yatsu uku ya girgiza, yana kallon bayan kaina. Abu Faisal ya raɗa mini cewa tun farko Dogo bai so aka ɗauki Uwani ba, yana da nasa mutumin da yake so a kawo. Na ajiye wannan a raina.

Daga nan aka shiga da ni ɗakin gwaji. Wani dogon kududdufi ne aka gina da siminti aka rufa masa kwano, ka tsaya a wannan ƙarshe ba ka gane fuskar wanda ke wancan. A gefensa akwai dogo irin na jirgin ƙasa, da wani keke da ke gudu a kai yana jan ɗan ƙaramin jirgi cikin ruwa. Wai kafin a ƙera babba sai an yi ƙarami an ja shi an ga halinsa. Na Uwani yana kan wasu maɗorai biyu na katako da ake ce wa jakuna, tsawon mutum biyu, an shafe shi da fenti ruwan ɗorawa. Shi za a gwada ranar Lahadi.

Aka kira azahar, kowa ya watse, daga salla su wuce cin abinci. Ni na riga su idarwa na dawo, aka bar ni da kofin shayi a kujera. To, masassaƙi da jirgi a ɗaki ɗaya, ai kun san sauran. Na tashi na shafa gefensa, na ce madalla. Na tsuguna na kai tafina ƙarƙashi.

Huda. 'Yar mitsitsiya kamar bakin allura. Na matsa, ga wata. Na kwanta rigingine na leƙa, sai ga su birjik tun daga goshi har gindi.

Yanzu da hankalina ya dawo, na san ya kamata in lura a jere suke, layi-layi, tazararsu ɗaya. Ko ƙwaron da ya yi jami'a ba zai huda katako haka ba. Amma a lokacin Dogo kawai na gani. Na ce lallai maƙiya sun yi aikinsu, so suke ranar Lahadi jirgin 'yata ya sha ruwa a gaban mai gida. Za ku ce me ya hana ni tambayarta. Yarinyar da idonta ya yi ja don rashin barci, ƙarti na ce mata Muhandisa, ni ne zan kira ta in nuna mata ɓaraka a aikinta? Uba rufa asiri yake yi, ba ya tallata shi.

Na ciro kakina. Akwai tsinken sakace da na ɗebo a wani gidan sayar da shinkafa. In murza kaki ya yi laushi, in tura da tsinke, in shafe da babban yatsa. Kakin ruwan ɗorawa, fentin ruwan ɗorawa, kamar don juna aka yi su. Ina yi ina ƙirgawa, arba'in da tara cif. Ban taɓa aiki mai kyau irin wannan ba, ni kaina da na sake shafawa ban ji komai ba. Kafin su dawo ina kujerata ina kurɓar shayi. Juma'a da Asabar na yi su cikin nishaɗi, har Abu Faisal ya kai ni unguwar Bagdadiyya na sayi turare da dabino, ina tafe ina jin kaina kamar wanda ya ciro yaro daga rijiya ba wanda ya sani.

Lahadi da hantsi mai kamfanin ya iso, wani dattijon Balarabe cikin farar jallabiya, da carbi a hannu. Shehi suke ce masa. Aka ajiye masa kujera a gaban wani babban allon kwamfuta, aka zuba masa gahawa. Aka sauke ɗan jirgin a ruwa, keke ya ja shi, ya tafi sumul yana tsaga ruwa kamar wuƙa. Na ce alhamdu lillahi a fili.

Ni kaɗai na faɗa. Kowa allo yake kallo, a kan allon kuma wasu layuka ne a miƙe, ba mai motsi. Aka dawo da keke aka sake ja, haka. Aka sake na uku. Aka shiga cire wayoyi ana mayarwa, aka kashe kwamfuta aka kunna, wani ya buga mata tafi a gefe kamar yadda muke yi wa rediyo. Dogo ya harɗe hannu yana magana a hankali da Shehi, yana ɗan murmushin da na tsana.

"Me yake cewa?" na tambayi Abu Faisal.

"Mushkila ya Ammi. Ya ce wata shida ba ta iya ko haɗa awo ba. Ya ce halas."

Na matsa kusa da Uwani.

"Uwata, mene ne? Ai jirgin lafiya lau, ko ɗigo bai sha ba."

"Ita ce matsalar, Baba. Ya kamata ya sha." Ba ta ko kalle ni ba. "Akwai 'yan kafofi da muka huda a ƙasansa, kowace da siririyar roba a ciki irin ta ƙarin ruwa a asibiti. Ta nan ruwa ke dannawa, na'ura ta gaya mana ƙarfinsa. Sati uku na yi ina huda su. Yau ko ɗaya ba ta ji ruwa ba, kamar an toshe su."

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Garin neman gira na tsokale ido, idon ma na 'yata.

Shaiɗan ya zo kunnena, ba zan yi muku ƙarya ba. Ya ce Iro, ba wanda ya gan ka, aikinka kuma ba mai gano shi, yi shiru ka koma gida da girmanka. Ina cikin sauraronsa sai na ga Shehi ya girgiza kofi, ya miƙe, yana gyara mayafin kansa. In ya fita ƙofar nan, shi ke nan.

"Tsaya!" Da Hausa na faɗa, da muryar da nake kiran jirgi daga tsallake. Ɗakin ya amsa. "Abu Faisal, gaya masa ni ne. Ni na toshe."

"Ya Ammi, ka san abin da kake faɗi?"

"Fassara, ba shawara na nema ba."

Ya fassara. Aka fito da jirgin aka ɗora a jakuna. Dogo ya tsuguna ya shafa, ya ce ba komai, tsohon ya ruɗe. Ya sa aka kawo fitila da gilashin ƙara girma, ya duba, bai gani ba. A tsakiyar wannan masifa, Allah ya yafe mini, sai da na ji daɗi. Na zare allurar da ke maƙale a hulata, na kwanta, na soka, na zaro ɗan kaki kamar tsutsa na ɗora masa a tafi.

Shehi ya yi dariya har carbinsa ya faɗi. Da ya lafa ya ce a tambaye ni dalili. Na ba shi labarin Sale da abin da ubanmu ya ce, Abu Faisal na juyawa. Ban ambaci zargin da na yi wa Dogo ba, tsufa ya koya mini wannan. Dattijon ya daina dariya. Ya ce kakansa ma masunci ne, a tekun nan ya tafi bai dawo ba. Ya ce a sake gwaji gobe da safe. Dogo ya ce to amma a fitar da ni yanzu. Shehi ya ce a'a, wanda ya toshe shi zai buɗe, tunda ga alama duk ɗakin ba mai ganin aikinsa.

Abin da ya fi mini ciwo a tafiyar nan ba dariyar ba ce. Uwani ce. Ba ta yi faɗa ba, ba ta yi kuka ba, da ta yi da na samu sauƙi. Kowa ya fita aka bar mu. Ta ɗauko takardar zanen ta tsaya a kaina, tana kiran lamba tana nuna wuri da biro, ni ina kwance a ƙasa da allura. "Ɗaya." In buɗe. "Biyu." In buɗe. Ba Baba, ba sannu. Ni Iro, da hannuna, ina huda jirgi. Kowace na buɗe sai in ga fuskar ubana. Tun bayan azahar muke yi har aka kira la'asar, na yi salla na dawo na kwanta.

"Arba'in da takwas." Na buɗe. Ta hura iska ta robar ta ji ta wuce, ta fara naɗe takarda.

"Saura ɗaya," na ce.

"Arba'in da takwas ne."

"Arba'in da tara na toshe. Ban yi boko ba, amma ban taɓa ɓatan lissafin huda ba."

Na nuna mata da bakin allura, can baya, daidai inda aka haɗa fiffike da jikin jirgin. Ta buɗe takarda ta duba, babu. Ta cire hular kwano, ta kwanta a ƙasa kusa da ni da fitila, kamar yadda take yi tana 'yar shekara biyar a rumfata. Ta daɗe tana kallo. Ta ce wannan ba ita ta huda ba, haɗin ne ya ɗan tsage. Ta ce sati biyu ke nan duk aka ja jirgin sai ta tarar da ruwa a cikinsa, awo yana karkacewa, Dogo yana cewa robobinta ne ba ta iya ɗaurawa ba.

Na ɗaga allura. "In buɗe?"

Ta riƙe mini hannu. "Wannan bar ta, Baba."

Baban nan shi ne na farko tun safe. Na juya fuska na ce fitilarta ce ke sa mini hawaye.

Washegari aka ja jirgin, da huda arba'in da takwas a buɗe, ɗaya a toshe. Hannuna na cikin aljihu ina murza kaki, ina karanta duk abin da na haddace. Layukan allo suka tashi suna rawa. Aka ja sau shida, aka buɗe cikinsa, a bushe ƙayau. Suka yi ta lissafi, a ƙarshe aka ce fasalin Uwani ya fi na bara gudu da wani ɗan abin da ni ko a kasuwa ba zan tsaya jayayya a kansa ba. Amma ƙarti suka yi ta ihu suna rungumar juna, Shehi ya ce a kai fasfonta ofis a sabunta iƙama. Ita kuwa ba ta kalli Shehi ba, ba ta kalli Dogo ba, ni ta waiwayo ta nema.

Aka zo ɗaukar hoto, Dogo ya shige tsakiya ya dafa jirgin kamar shi ya haife shi, Uwani tana can gefe rabin kafaɗarta a waje. Ni kuwa aka karɓe katin wuyana cikin ladabi, aka ce daga yau baƙo ba ya wuce ɗakin shayi. Wannan ita ce korar da kuka ji, ba sarki, ba mutum ɗari. Abu Faisal ya ce har yanzu in sabon ma'aikaci ya zo sai an kwantar da shi a ƙarƙashin jirgin a ce ya nemo ta arba'in da taran, ba a samu wanda ya gano ba.

Na dawo ba gizago, ba kifi, sai dabino da ciwon baya. Shekaranjiya wani masunci ya jawo jirginsa rumfata, ya nuna mini ɓula a gindi, ya ce, "Malam Iro, duba mini, wannan ta bincike ce ko ta nutsewa?" Duk bakin kogi aka kwashe da dariya. Ku yi, kun samu. Na dai koyi darasi a Jidda, ba zan musa ba. Yanzu in na ga huda a jirgin wani, sai na tsaya na nemi mai shi na tambaye shi ko da gangan ya yi. In ya gama bayaninsa, sai in ciro kakina in toshe.